Daga rafin Sardis zuwa kogin Dilimi: Shaidar da tsofaffin sulalla ke riƙe da ita

A kasuwar Taminus da ke tsakiyar Jos, da wuya a yini ba a ji wani ya rantse cewa ba shi da ko anini ba. Mai rantsuwar na iya zama saurayi ɗan shekara 20, wanda in aka ɗora masa aninin a tafin hannu zai zaci maɓalli ne ya ɓalle daga tsohuwar riga. Haka abin yake ga sisi da taro da kwabo. Sunayen suna nan daram a bakinmu, amma ƙarafan da suka haifi sunayen sun kusa ƙarewa a gidajenmu. Wasu sun bi 'yan gwangwan, an auna su a sikeli tare da fasassun tukwane. Wasu sun faɗa wutar maƙeran fari, sun koma zobba da 'yan kunne. Ragowar kuma suna kwance a gindin adakar kakanni, suna jiran ranar rabon gado da za a haɗa su da tarkace.

A can ƙetare kuwa, a gidajen gwanjo na Landan da Zurik da Niyok, akwai mutanen da ke zuba dukiya domin mallakar wasu 'yan dunƙulen ƙarfe masu ruwan ɗorawa, waɗanda yawancinsu ba su wuce ƙwayar gurjiya ba. Su ne kuɗaɗen elektiram, wato gamin zinare da azurfa, da aka fara bugawa a yammacin ƙasar Turkiyya ta yau shekara 2,600 da 'yan kai da suka wuce. Daga gare su ne kuɗin ƙarfe mai hatimi na Girka da Rum da Turai ya samo asali, don haka kwabon da kakanninmu suka karɓa a bakin ramin kuza a Bukuru jikansu ne na nesa.

Mai karatu na iya cewa, me ya haɗa kifi da kaska? Abin da ya haɗa su shi ne, Sardis, birnin da ya yi fice da waɗannan kuɗaɗe, da Jos duk sun tashi ne a kan ƙarfen da ake wankewa daga yashin rafi. Kuma yankunan biyu sun ɗanɗani asarar da ake yi idan aka tono kayan tarihi a ɓoye, aka raba su da labarinsu. Tsohon sule shaida ne a kan zamaninsa, kuma abubuwa biyu ke kashe wannan shaida: wutar maƙeri da haƙar sata.

Farin zinaren Lidiya

Lidiya daula ce da ta yi zamani a yammacin Anatoliya, hedkwatarta Sardis. Wani ɗan rafi mai suna Faktolos yana gangarowa daga dutsen Timolos ya ratsa ta gefen birnin, ɗauke da garin zinare cikin yashinsa. Wajen ƙarshen ƙarni na 7 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sarakunan Lidiya da maƙwabtansu Girkawa mazauna gaɓar teku suka fara rarraba gamin zinare da azurfa gunduwa-gunduwa bisa awo ɗaya, suna buga masa alama. Girkawa sun kira wannan gami da suna farin zinare, saboda azurfar da ke ciki takan kashe masa ja.

Duk maƙerin da ya ga yadda ake aikin zai gane shi nan take. Ana sassaƙa hoto a kan wani ƙarfe mai tauri a kafa shi cikin maƙera, a ɗora dunƙulen a kai, a danne shi da wani ƙarfe mai ƙusurwa huɗu, sannan a sauke guduma. Shi ya sa kuɗaɗen farko suke da hoto a fuska ɗaya, bayansu kuma rami ne kawai, gurbin da ƙarfen dannewa ya bari. Babban awonsu shi ne sitata, mai nauyin giram 14 da ɗan ɗoriya. Wanda aka fi samu a hannun masu tarawa a yau shi ne sulusin sitata, kimanin giram 4.7, mai ɗauke da kan zaki ya wage baki, wanda ake dangantawa da zamanin Sarki Aliyatis. Daga nan awon yake ta raguwa har ya kai kashi ɗaya cikin 96, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar dawa, wanda in ya faɗi cikin yashi sai dai a haƙura.

Tambayar da ta daɗe tana damun masana ita ce, me ya sa aka fara da gami maimakon tsantsar zinare? Matsalar gami ita ce ido ba ya iya sanin yawan zinaren da ke cikinsa. Dole sai an goga shi a kan wani baƙin dutse a dubi launin sawun da ya bari, kamar yadda masu sayen gwal suke yi a kasuwanninmu har gobe. Girkawa ma dutsen Lidiya suke kiran wannan dutse. Da aka auna kuɗaɗen masu kan zaki da na'urorin zamani, sai aka tarar zinaren da ke cikinsu ya tsaya a wajen kashi 54 cikin ɗari, kusan bai ɗaya. Wannan ya nuna gamin ba tsintuwa ba ce daga rafi, da gangan aka daidaita shi a gidan buga kuɗi. Ashe ke nan hatimin zaki alkawari ne daga sarki, cewa duk wanda ya karɓi wannan dunƙule ba ya bukatar dutsen gwaji, domin fada ta tsaya masa.

Hatimi da amana

Ɗan Aliyatis, wato Sarki Kuresus, wanda ya yi mulki daga wajen 560 zuwa 546 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shi ya sauya tsarin. A zamaninsa aka koma buga tsantsar zinare dabam, tsantsar azurfa dabam. A 1968 masu binciken kufai daga Amurka suka tono wurin tace ƙarfe a gefen rafin Faktolos, inda ake gasa gamin da gishiri cikin tukwanen yumɓu har azurfa ta rabu da zinare. Masanin tarihin nan na Girka, Herodotus, ya rubuta cewa mutanen Lidiya ne na farko da aka sani sun buga kuɗin zinare da na azurfa.

Bayan Farisawa sun ci Sardis da yaƙi, wasu biranen Girkawa sun ci gaba da buga elektiram har tsawon shekara 200 da wani abu. Mafi shahara shi ne Kizikos, a bakin tekun Marmara, wanda sitatarsa ta kai giram 16. Hoton da ke kanta yana canzawa a kai a kai, yau gwarzo, gobe dabba, jibi jirgin ruwa, amma kifin tuna, alamar birnin, ba ya taɓa ɓacewa daga gefe. Wannan kifi shi fatake suke nema su gani, daga Atina har gaɓar Baƙin Teku. Marubuci Zenofon ya ambaci yadda aka yi wa sojojin haya alkawarin sitatar Kizikos guda ɗaya a wata, abin da ke nuna irin darajarta.

Biranen Mitilene da Fokaya kuwa ƙananan kuɗi suka riƙa bugawa, sudusin sitata mai nauyin giram biyu da rabi. An samu wani dutse da aka rubuta yarjejeniyarsu a kai: bana wannan birni ya buga, baɗi wancan, kuma jami'in da aka kama ya rage zinaren gamin da gangan hukuncinsa kisa. Tsananin hukuncin ya nuna sun fahimci cewa ranar da aka daina yarda da hatimi, ranar kuɗin ya koma ƙarfe. Sai da zinaren Iskandar na Makidoniya ya cika kasuwanni a ƙarshen ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) sannan zamanin elektiram ya shuɗe.

Wannan yawan hotuna shi ke jan masu tarawa. Wani ya ƙuduri aniyar mallakar kowane awo na zakin Lidiya, wani kuma ya bi Kizikos yana neman hoton da bai da shi. Akwai kuma wasu 'yan ƙalilan masu hoton barewa tana kiwo, da rubutun Girkanci da ke cewa alamar wani mutum ce mai suna Fanes. Suna daga cikin kuɗaɗe na farko a duniya da suka ɗauki rubutu.

Garin da kuza ta haifa

Abin da zinare ya yi wa Sardis, kuza ta yi wa Jos. Tun kafin zuwan Turawa, maƙeran Liruwen Kano da Liruwen Dalma suna narka kuza, su zuba ta siri-siri kamar tsinken ciyawa, fatake su bazu da ita kasuwanni. Waɗannan tsinkaye ne suka ja hankalin kamfanin Neja, ya aiko da masu bincike daga 1902, har suka kafa sansani a Naraguta kusa da kogin Dilimi. Kamar a Faktolos, aikin farko na ƙwarya ne da ruwa: a ɗebi yashi, a juya, a zubar da mara nauyi, baƙin gari ya kwanta a gindi.

Cikin 'yan shekaru tsaunukan suka cika da kamfanoni. Ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso Bukuru a 1914, babban layi kuma ya iso Jos ta Kafanchan a 1927. Dubban leburori suka kwararo daga Kano da Zazzau da Bauchi da Barno, ladansu kuwa da kuɗin ƙarfe ake biya. Su ma Birom da Afizere da Anaguta, waɗanda yawancin cinikinsu a da musaya ce, harajin da gwamnatin mulkin mallaka ta ce sai da tsabar kuɗi ya tura da yawansu ramin kuza. Duk kwabon wancan zamani da aka tsinta a tsohon barikin leburori yana ɗauke da wannan tarihi na gumi da tilas.

Kafin kwabo, ƙasar Hausa da wuri take ciniki, kuma kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Daga tsibiran Maldibs da gaɓar Zanzibar ake kawo shi, a ƙirga shi ɗai-ɗai, a ɗinke zambar ashirin cikin keso guda. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canjin dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Daga cikin dalolin da suka fi yawo akwai liyari, kuɗin azurfa na Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Taresa, wanda ya ƙetaro Sahara ya zama abin ado a wuyan mata da kitson Fulani.

A 1907 Turawan Ingila suka fito da kwabo da anini, masu huda a tsakiya domin a zura su a igiya kamar wuri, da tauraro mai tsini shida a baya, da rubutun Larabci da ke bayyana darajarsu. Anini shi ne kashi ɗaya cikin goma na kwabo, kuma da alminiyam aka fara buga shi, abin da ya sa yake cikin kuɗaɗen alminiyam na farko da aka taɓa kashewa a duniya. Ƙarfen bai jure gumi da laima ba, shi ya sa tun a 1908 aka koma wani gami mai ƙarko. A 1912 aka kafa Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma, ta fara fitar da taro da sisi da sule da dala na azurfa a 1913. Da farashin azurfa ya tashi bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai a 1920 aka maye gurbinsu da na tagulla. Jama'a suka ɓoye na azurfa suka riƙa kashe na tagulla, wato tsohuwar tambayar Sardis ta dawo: ƙarfen ake yarda da shi, ko hatimin?

Darasin kan da ya tsare gonar doya

Yadda aka san shekarun kuɗaɗen elektiram darasi ne ga duk mai sha'awar kayan da. A 1904 zuwa 1905, wani Bature mai suna D. G. Hogarth ya yi haƙa a harsashin ɗakin bautar Artemis da ke Afisa, a madadin Gidan Tarihin Birtaniya. Ya samu kuɗaɗen elektiram sama da 90 tare da kayan ado da wasu abubuwa. Da yake an rubuta inda aka samu kowane abu da abin da ke kusa da shi, masana sun shafe fiye da ƙarni guda suna komawa ga waɗannan bayanai, suna gyara lissafin lokacin da aka fara buga kuɗi. Da a ce ɓarayi ne suka riga shi, suka watsa kuɗaɗen a kasuwa, da zinaren yana nan amma ilimin ya tafi.

Mutanen Jos ba sai an je da su Afisa ba kafin su gane wannan. A 1928 aka tsinci wani ɗan kan mutum-mutumin yumɓu a wurin haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yau. A 1943 kuma wani ma'aikacin kuza a yankin Jama'a ya tsinci wani kan, ya kai gonarsa ta doya ya kafa shi a matsayin abin tsorata ɓarayin gona. Daga bisani kan ya isa hannun Bernard Fagg, wani jami'in mulki a Jos da ya karanci ilimin binciken kufai. Fagg ya ga kamar da ke tsakanin kawunan biyu, ya bi barikokin kuza yana roƙon ma'aikata su daina fasa abin da suka tono, su kuma faɗi ramin da ya fito. Daga wannan roƙo aka samu tarin da ya zama harsashin Gidan Tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952.

Sai dai yawancin abin da ramukan kuza suka fitar ruwa ne ya kwaso shi daga mazauninsa na asali, don haka sanin shekarunsa ya yi wuya. Sai da Fagg ya yi haƙa a Taruga a shekarun 1960, ya samu gumakan tare da matoyar ƙarfe da gawayin da za a iya aunawa, sannan lissafi ya fara tsayawa. Binciken da Jami'ar Goethe ta Frankfurt ta fara a 2005 tare da hukumomin Najeriya ya mayar da farkon al'ummar Nok zuwa wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ma'ana, a daidai lokacin da maƙerin Sardis yake sauke guduma a kan zakinsa, wani gwani a ƙasar Nok yana gyara idon mutum-mutuminsa kafin ya saka shi a wuta.

Kasuwar da ke cin tarihi

Sha'awar masu tarawa tana da amfani, domin su ne suka adana abubuwa da dama da sun salwanta. Amma inda kuɗi ya yi yawa kuma ba a tambayar asali, sai sha'awar ta koma kiran ɓarayi. A shekarun 1960 aka fasa kaburburan manyan Lidiya kusa da garin Ushak na Turkiyya, kayan suka bi ta hannun dillalai har Gidan Tarihi na Metropolitan da ke Niyok. Turkiyya ta shigar da ƙara a 1987, kuma a 1993 aka mayar mata da kaya 363. Turkawa suna kiran wannan tari Dukiyar Karun, domin a bakinsu sunan Kuresus ya gauraya da na Ƙaruna saboda yawan arziki, ko da yake mutane biyu ne dabam.

Su ma kuɗaɗen ƙarfe ba su tsira ba, don sun fi komai sauƙin ɓoyewa a aljihu. A 2020 aka yi gwanjon wani kuɗin zinare na Rumawa a Landan, wanda aka buga domin tunawa da kisan Yuliyas Kaisar, a kan fam miliyan uku da ɗoriya. Daga baya masu gabatar da ƙara a Niyok suka gano takardun asalinsa na jabu ne, aka mayar da shi Girka a 2023, dillalin kuma ya amsa laifinsa a kotu.

A nan gida, a watan Janairun 1987 ɓarayi suka fasa Gidan Tarihi na Jos suka kwashe wasu daga cikin kayansa mafi daraja, har da wani kan tagulla na Ife. A shekarun 1990 kuma haƙar sata ta mamaye ƙasar Nok, har Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta saka gumakan Nok cikin jerin kayan Afirka da ke fuskantar haɗari a 2000. A wannan shekara aka baje wasu daga cikinsu a gidan tarihi na Louvre da ke Faris, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce har Faransa ta amince a 2002 cewa mallakar Najeriya ne, suna hannunta a matsayin aro na shekara 25. Masu binciken Frankfurt sun tarar mafi yawan kufan da suka ziyarta an riga an birkice su. Manomin da ya sayar da abin da ya tono ya samu na cefanen 'yan kwanaki, dillali ya samu riba, amma shafin tarihin da ke wannan rami ya yage har abada.

Doka ba ta yi shiru ba. Najeriya ta shiga yarjejeniyar UNESCO ta 1970 da ta hana fataucin kayan tarihi, kuma dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta hana haƙar kufai ko fitar da kayan tarihi waje ba da izini ba. Wanda ya ci karo da tukunyar wuri ko ta tsofaffin sulalla yana noma ko yana haƙa harsashi, abin da ya fi shi ne ya bar ta yadda take, ya ɗauki hoto, ya sanar da gidan tarihi.

Tarin da ya fi kusa da mu

Ɗan Najeriya mai sha'awar wannan fanni ba sai ya yi gogayya da attajiran Zurik a kan zakin Lidiya ba. In ma yana da halin saye, to ya nemi takardar da ta nuna hannuwan da kuɗin ya bi shekaru da dama baya, ya kuma sani cewa jabu ta yi yawa. Na gaskiya bugawa aka yi, na jabu sau da yawa zubi ne, kuma zubi yakan bar ƙananan ƙuraje a fuska da layi a gefe. Sikeli mai auna ɗigon giram da gilashin ƙara girma sun fi rantsuwar mai sayarwa.

Amma tarin da ya fi bukatar ceto yana cikin gidajenmu. Akwai kwabo da ɗari da anini na 1936 masu ɗauke da sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga gadon sarauta kafin Ingila kanta ta fitar da kuɗi da sunansa. Da yake namu masu huda ne, ba sa bukatar hoton sarki, sai aka riga aka buga su. Akwai 'yan haruffan H da KN da ke ɓoye a jikin wasu, alamar kamfanonin Birmingham da suka buga su. Akwai jerin 1959, na farko da Babban Bankin Najeriya ya fitar, inda taro ke ɗauke da auduga, sisi koko, sule ganyen kwakwar manja, dala kuma gyaɗa. Da aka koma naira da kwabo ranar 1 ga Janairun 1973, sai ga hasumiyar haƙar mai a kan kwabo ɗaya, dalar gyaɗa kuma a kan kwabo 25. Wanda ya jera waɗannan a faranti ɗaya ya ga yadda tattalin arzikin ƙasa ya juya daga gona zuwa rijiyar mai, ba tare da ya buɗe littafi ba.

A yi hattara da liyari. Kusan duk wanda za a gani yana ɗauke da shekarar 1780, domin tun bayan rasuwar sarauniyar ake ta sake buga shi da wannan shekara a ƙasashe dabam-dabam. Shekarar ba ta nufin ya kai wannan tsufa. Darajarsa ta tarihi tana wajen wadda ta rataya shi da hanyar da ya biyo ya zo gidan.

Ƙa'idojin adanawa kaɗan ne. Kada a goge tsohon kuɗi da toka ko lemon tsami ko yashi, domin dattin shekaru da ke jikinsa wani ɓangare ne na shaidarsa, kuma goga tana zubar da darajarsa a idon masana. A riƙe shi ta gefe. A saka kowanne cikin 'yar ambulan ta takarda, a nisanta shi da laimar daminar Filato. Mafi muhimmanci, a rubuta a jikin ambulan ɗin daga wurin wa aka same shi, a wane gari, kuma me tsofaffi suka ce an saya da irinsa. Su ma sulallan 2007 na kwabo 50 da naira ɗaya da naira biyu, waɗanda hauhawar farashi ta kora daga kasuwa, lokacin ajiye su ya yi. Har yanzu halastattun kuɗi ne, kuma dokar Babban Banki ta 2007 ta haramta lalata su.

Babban Bankin yana da gidan tarihin kuɗi a hedkwatarsa da ke Abuja, inda ake iya ganin wuri da ƙarafan ciniki na da da takardun kuɗi na zamanai dabam-dabam. Jos kuwa, garin da ya koya wa Najeriya ɗaukar abin da ke cikin ƙasa da muhimmanci, yana da abin da Abuja ba ta da shi: tsofaffin da iyayensu suka karɓi lada a bakin rami, waɗanda har yanzu za su iya faɗin mudu nawa na acca sule ɗaya yake saye. Kullum adadinsu raguwa yake yi. Kafin mai kura ya sake leƙowa ƙofar gida yana neman tsohon ƙarfe, ya kamata a buɗe adakar nan, a zauna gaban mai ita da biro da takarda, a tambaye ta labarin kowane kwabo ɗaya bayan ɗaya.